Jikar Mahauci Ba Ta Cin Nama

A gidanmu nama muka sani. Babana mahauci ne, babansa ma mahauci ne, kuma da wuya a ce mutum ya saba sayen tsire a bakin kasuwar Daura bai taɓa tsayawa gaban tukubarsa ba. Ƙanshin kitse ya kama bangon ɗakunanmu, ya kama tabarmi, har littattafanmu na makaranta bai bari ba. Miyar da babu nama a ciki, a wurinmu ba a gama ta ba ke nan. In muka ji an ce gidan su wane kwaɗon rama suka ci da rana, tausayinsu muke ji kamar an yi musu rasuwa.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni in ina kusa, "waccan" in na yi nisa. Ƙannena kan hau cinyarsa da yamma, ya riƙa yanka musu tsire ƙanana-ƙanana yana sa musu a baki. Ni nawa sai ya miƙa wa Ummanmu ya ce, "Ba waccan," ko da kuwa ina zaune a gabansa. Ban ɗauki abin da zafi ba, don haka ake yi wa ɗan fari a duk gidajen da na sani, kunya ce ba ƙiyayya ba. Amma ƙarya nake in na ce ban taɓa tsayawa a bakin ƙofa ina kallon cinyar nan ba. Da Umma ta rasu, Allah ya jiƙanta, shekara biyu kafin aurena, sai ya zama ni da Baba gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Wadda ke karɓa ta miƙo mini ta tafi, mu kuma ba mu san wata hanyar ba.

Mijina malamin firamare ne, ɗan manoma daga Sandamu, mutum mai sanyin hali da son ganye. Zogale, rama, tafasa, lansir, duk abin da ya tsiro kore Malam zai kwaɗa shi da ƙuli ya ci yana lumshe ido. Tun ina amarya nake tsokanarsa cewa su da akuya abincinsu ɗaya. Shi kuma ya ce, "To ai akuyar da kuke yankawa da ganyen nan namu ta yi ƙiba." Ni mai baki ce da saurin hawa, shi kuwa ko taka shi aka yi sai ya ce a yi haƙuri, shi ne ya sa ƙafarsa a hanya.

Da Allah ya ba mu haihuwa, mace, sai Baba ya zama wani mutum daban. Ragon suna da kansa ya je kara, kasuwar dabbobi, ya zaɓo, ya ƙi bari kowa ya sa baki. Ya laƙaba wa jaririyar "amarya" irin wasan kakanni, ya riƙa yi mata kirari yana rawa da kafaɗa, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba. Ni kuwa kunyar ta dawo kaina. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban manya. Sai na turo ƙofar ɗaki nake sumbatar tafin ƙafarta, in gaya mata duk abin da ke raina.

Washegarin ranar da labari ya kai masa cewa ta fito da haƙori, da la'asar na ji ƙarar tsohon babur ɗinsa a ƙofar gida. Uba ba ya kutsawa gidan 'yarsa haka kawai, don haka a zaure ya tsaya ya yi sallama.

"Ina amarya? A fito mini da amaryata!"

Na fito da ita na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓe ta ya cilla sama ya cafe, ya rirriƙe damtsenta yana yi mata surutu. Sannan ya zaro wani ƙunshi daga aljihu, takardar buhun siminti ce maiƙo ya huda ta, ya ajiye a kan dakalin zaure. Bai miƙa mini ba, bai ma kalle ni ba. Ita ya ce wa, "Ga toshinki nan," ya hau babur ya koma tukubarsa.

Hanta ce gasasshiya, babu yaji, an yanka ta ƙanana kamar ƙwayar masara. Na murje ɗan mitsitsi na sa mata a baki. Ta yamutse fuska, ta turo shi da harshe, ta kalle ni kamar na ci amanarta. Na sake, ta sake. A karo na uku ta ƙwalla ƙarar da sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Washegari da la'asar ya dawo da wani ƙunshin. Ya ɗaga ta ya ce, "Amarya, kin ci hantar jiya?"

Na ce, "Ta ci, Baba."

Wallahi ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi da kanta. Na ga yadda fuskarsa ta washe, ya ce, "Jinin gidanmu ke nan!" Sai na kasa janyewa. Na gaya wa kaina ai kwana biyu ne za ta saba. Ba ta saba ba. Na gwada tsoka, na gwada dambun nama, na gwada ɓargo, kaza, har kifi. Ko daga nesa ta ji ƙanshin sai ta kau da kai ta cusa fuska a ƙirjina. Jikar mahauci, a cikin garin Daura, ba ta cin nama. Wa zan gaya wa?

Ƙunshi kuwa bai fasa zuwa ba, kullum da la'asar, da tambayarsa guda da amsata guda. A inda na tashi ba a zubar da nama, don haka na miƙa wa Malam. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ni ba zan ci amanar surukina ba. Bakin da ya yi ƙaryar shi zai ci hantar." Haka na riƙa shiga kicin ina cinye toshin 'yata a tsaye, ina jin haushin kaina, ina kuma jin daɗin hantar, don gaskiya babu mai gashi irin na Baba. Kafin wani lokaci rigunana sun fara matse ni. Ƙanwata ta kawo mini labari cewa Baba ya ishi abokan sana'arsa da zancen jikarsa mai cin hanta tun tana da haƙori biyu.

Muddin tana shan nono, abin bai nuna ba. Da lokacin yaye ya zo, Inna, mahaifiyar Malam, ta aiko daga Sandamu a kai mata ita kamar yadda aka saba, ta yi sati biyu a wurin kaka har ta manta da nono. Na ce a'a. A baki na ce sauro nake tsoro. A zuciya kuwa cewa na yi me za su ba ta a can, ganye? Na yaye ta a ɗakina, da wayona.

Wayon nawa kuwa shi ne in ɓoye mata nama a cikin komai. Kunu, in zuba cokalin romo. Tuwo, in narka ɓargo a miyar. Shinkafa, in dafa da ruwan nama. Ba mugunta ba ce, ni dai ban yarda abin da babu nama a ciki zai riƙe cikin mutum ba. Sai yarinya ta daina yarda da duk abin da ya fito daga hannuna. Ta koma ruwan shayi da ɓallin burodi, shi ma sai an yi lallashi. Rana ɗaya na danne ta na yi mata ɗura, ta amayar da shi gaba ɗaya a zanena, muka zauna ni da ita muna kuka. Wuyanta ya yi tsawo. 'Yar jigidar da ke kama ƙugunta ta fara zamewa ƙasa in ta miƙe.

Ranar awo na kai ta asibiti. Malamar da ke duba yara ta zagaya mata wani siririn tef a damtse, mai launi uku: kore, ruwan ɗorawa da ja. Ya tsaya a ruwan ɗorawa, can kusa da ja. Matar ta dubi hannun, ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke kam tubarkalla, Hajiya. Ita me take ci?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ce in dawo da ita bayan sati huɗu. In ya koma kore, shi ke nan. In ya faɗa ja, gado za a ba mu. Ta lissafa mini wake, gyaɗa, waken suya, ganye, ƙwai. Na ce to, amma a raina na ce wannan ai shawarar waɗanda ba su da nama ce. Tsoro dai ya shige ni sosai. A kan babur ɗin haya muna komowa na riƙa taɓa damtsen nan nata ta bayan goyo, ina jin ƙashi.

Ranar Juma'ar satin Malam ya dawo daga masallaci, ko hula bai cire ba ya ce zai je Sandamu ya ɗauko Inna. Na taso masa da faɗa, na ce wato ya gaya wa duniya na kasa raino. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kin gama? To sai na dawo." Ban taɓa ganin ya yi mini haka ba. Kafin magariba ya dawo da tsohuwa a bayan babur, rungume da ƙullin wake, da busasshen zogale, da kuka, da daddawa.

Inna 'yar ƙaramar mace ce mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana sai in ta ga dama. Ta ɗauki jikarta ta juya ta, ta ce, "Ƙawata, haka suka mai da ke?" Da safe ta dafa faten wake a tukunyata, ta zuba a kwanon yarinyar. Yarinya ta sunsuna ta kau da kai. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har da ɗan jin daɗi a raina, na ce to ga gwanaye ma sun kasa.

Inna ba ta yi lallashi ba. Ta ɗauki kwanon ta sunsuna. Ta shiga kicin ta ɗauki tukunyar ta sunsuna, ta sunsuna muciya, ta sunsuna ludayi, har soson wanke-wanke. Ta fito tana goge hanci da bakin mayafi.

"Ke 'yar nan, komai na gidan nan ai rago ne. Ko ruwa kika dafa a tukunyar nan romo zai zama."

Na ce ai ina wankewa da sabulu. Ta ce, "Hancinki ne ya mutu, a cikinsa aka haife ki. Nata sabo ne."

Ta sa Malam ya kai ta kasuwa. Ta dawo da 'yar tukunyar ƙasa sabuwa, wadda ba ta fi cin gwangwani biyu na wake ba, da ƙaramin ludayin duma, da ɗan kwano. Ta dafa ruwan kanwa a tukunyar ta zubar don ƙanshin ƙasa ya fita. Ta kafa doka: waɗannan ukun ba su ba nama, ba su ba soson gidan, ba a ma kife su kusa da sauran.

A tsakar gida ta hura gawayi ta ce in zauna in gani. Ta jiƙa wake ta murje shi har ɓawon ya fita tas, don shi ne ke kumbura wa yara ciki. Ta dafa shi da 'yar albasa har ya narke ba a ganin ƙwaya. Ta zuba manja cokali ɗaya, ɗan gishiri, ɗan mitsitsin daddawa. Da ta kusa saukewa ta murje busasshen zogale a tafin hannunta ya zama gari ta barbaɗa, ta juya, ta rufe. Shi ke nan. Na tsaya ina jiran sauran, ta ce babu saura.

Ba ta kira yarinyar ba. Ta zauna a tabarma ta juya mata baya, ta fara ci da yatsa tana santi ita kaɗai. "Kai, wannan ba na yara ba ne. Kar wanda ya zo nan." Yarinya ta tsaya daga nesa tana kallo. Ta matso. Ta zagayo ta leƙa kwanon. Inna ta janye shi ta ce, "A'a, ƙawata, na tsofaffi ne." Sai ga ɗan hannun nan siriri ya faɗa cikin kwano. Ta lasa. Ta tsaya kamar mai tunani. Ta sake kai hannu.

Loma biyar na ƙirga. A gaban suruka ba dama in nuna komai a kan 'yar fari, don haka na miƙe kamar zan duba wani abu a kicin. Na tsaya a bayan ƙofa na toshe baki da ɗankwali na yi kuka mai isata. Na fito ina cewa hayaƙi ne, alhali gawayi aka hura.

Da na bar abin haka, da an huta. Amma kwana uku bayan nan Inna ta shiga wanka ta bar mini tukunyar a wuta. Na dubi faten nan na ga kamar maraya. Na ce cokali ɗaya na romo ai ba zai yi komai ba, ƙarfi zai ƙara mata. Na zuba, na juya sosai. Yarinya ta kai loma ɗaya ta tofar, ta ture kwanon, ranar ko ruwa da ƙyar ta karɓa. Inna ta ɗauki tukunyar ta sunsuna, ta dube ni. Na fara rantse-rantse, ta ɗaga mini hannu.

"Kar ki haɗa da Allah. Zauna." Na zauna. "Mu da kike gani, haihuwa bakwai na yi a kan wake da gero da ganyen nan da kike rainawa. Nama sai sallah ko suna. Wanne ne a cikinsu ya faɗi a hanya? Mijin naki da kike taƙama da shi, da me kika ga an gina shi? So kike ta ƙoshi, ko so kike ta zama 'yar gidanku?"

Tambayar ta shige ni, don ban taɓa raba biyun ba. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba, tukunya zan sake saya, don waccan ta lalace. Da ƙafata na je na sayo wata.

Kwana goma Inna ta yi, gona na jiranta, amma kafin ta tafi ta cika mini hannu. Ta koya mini garin kunu: a soya gero sama-sama, a soya waken suya har ya yi ƙanshi a cire ɓawonsa, a haɗa da gyaɗa a kai niƙa, kullum da safe a dama cokali biyu. Ta koya mini ɗanwake na yara, ƙanana kamar kan yatsa, da kuka isasshiya don ya yi laushi, a sa man gyaɗa ba yaji. Kabewa, a dafa ta da markaɗaɗɗiyar gyaɗa har su zama ɗaya. Dankalin Hausa, a dafa a murƙushe da garin ƙuli. Alale a ƙaramin gwangwani, wanda yarinyar ta fi so don ita ke juye shi da kanta ta yi tafi. Babu wanda ke cin awa guda in an riga an tanadi kayan. Wani ta karɓa, wani ta ƙi. Dambun zogale sai da aka kai karo na shida, shi ma don ta ga ubanta na ci ne yana ɓoyewa.

Awara kuwa ni na koya da kaina a wurin maƙwabciyata, ni da a da nake kiranta soson wanka. A jiƙa waken suya tun safe, a kai markaɗe, a tace da ƙyalle mai kyau, a ɗora madarar a wuta. In ta tafaso a zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, sai ka ga ta dunƙule ta taso sama. A kwashe a ƙyalle a ɗaure, a danne da dutse ruwan ya tsane, a yanka a soya. Ta farko da na yi ta wargaje a mai, ta biyu ta yi tsami. Ta uku yarinyar ta damƙa ɗaya a kowane hannu ta ƙi saki har barci ya ɗauke ta.

Duk wannan abin, la'asar ba ta fasa yi ba, ƙunshi bai fasa zuwa ba, ni ma ban fasa "Ta ci, Baba" ba. In na ji baburinsa sai in goge mata baki da hannu, in tura tukunyar ƙasa bayan randa. Malam ya ce in gaya masa gaskiya in huta. Na ce shi bai san Baba ba. Mutumin da ya gama gari da zancen jikarsa, in ce masa wata da watanni ni ke cinye hantar? Abu ɗaya ne na taɓa ba shi da ya sa shi dariya a gabana, ina tsoron in karɓe.

Ana gobe za mu koma awo, ina kicin ban ji tsayuwar babur ba. Sai sallamarsa na ji, kafin in fito yarinya ta riga ni, da gudunta na 'yan koyo, awara a hannu. Na iske ya ɗauke ta, ita kuma tana cusa masa awarar a baki tana cewa, "Ci, ci." Baba, wanda ya sha cewa awara abincin masu yaudarar ciki ne, ya buɗe baki ya karɓa. Ya tauna a hankali. Ya haɗiye.

Na durƙusa, gaisuwar ma ta ƙi fitowa. Na ce, "Baba, ba ta cin nama. Ba ta taɓa ci ba, ko sau ɗaya. Ni ce nake cinyewa." Na faɗi na asibiti, na faɗi na tef, na faɗi na tukunya, kaina a ƙasa, ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya kama damtsenta tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗan matsa, ya saki, kamar yadda na sha ganin yana yi wa dabba a kara. A lokacin na tuna kullum sai ya yi mata haka, ni ina ɗauka wasa ne.

"Amarya, kin ciko," ya ce da ita. "Alhamdu lillahi, kin ciko. Kwanakin baya in na taɓa hannun nan na koma, abinci ba ya shiga cikina." Ya gyara mata zama a hannunsa. "Tun ban yi gemu ba nake taɓa dabba in faɗi naman da ke jikinta. A ce ban san mai cin hanta a gidan nan ba? Ni na tare babanki a masallaci na ce ya je ya ɗauko tsohuwarsa, don mu nama kaɗai muka iya."

Na ɗago. Ban san lokacin da na ce, "To Baba, me ya sa ba ka daina kawowa ba?"

Idonsa na kan yarinyar, yana cire mata ɓurɓushin awara a haɓa.

"Amarya, gaya wa waccan, mai raino ita ma tana son abin da zai riƙe ta. Tun da uwarta ta tafi ban sami wanda zan ba ya miƙa mata ba, sai da kika zo."

Ya sauke ta, ya ajiye ƙunshin a kan dakali inda ya saba, ya fita da sauri kamar wanda ya bar nama a wuta. Na daɗe a durƙushe a zauren nan. Yarinyar ta zo ta dafa kafaɗata tana leƙa fuskata, na rungume ta a nan inda duk mai wucewa zai iya gani, ban damu ba.

Da safe malamar asibiti ta zagaya tef ɗinta. Kore ne, bai yi nisa a ciki ba, amma kore ne. Ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi. Na yi mata godiya, ban gaya mata an riga ta aunawa tun jiya ba.

Da la'asar babur ya tsaya. Wannan karon ƙunshi biyu ya zaro. Ya buɗe na farko da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Awara ce, an yanka ta falle-falle da wuƙar gwani, an shafe ta da garin ƙuli babu barkono, an gasa. Ya ce wa yarinyar a kan sabuwar wayar gashi ya gasa ta, can gefe, nesa da tukuba, abokan sana'a na ta yi masa dariya ya ce su yi ta yi. Ya ɗora ta a cinyarsa ya sa mata ɗaya a baki. Ta tauna, ta miƙa hannu tana neman ƙari.

Saura ɗaya ƙunshin a hannunsa. Ya dubi dakali. Ya dubi yarinyar, hannayenta biyu duk a cike. Ya juya ƙunshin, ya sake juya shi. Sannan ya miƙo mini, hannu da hannu, yana kallon bango.

"Ungo. Ki ci da zafinsa."

Na karɓa da hannu biyu. Ban kai shi kicin ba. A nan zauren na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na buɗe, ita tana cin nata a cinyarsa ni ina cin nawa, kuma bai tashi ba sai da ya ga na cinye.